Baucar Mai Labule

Gashua,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Legas lafiya, Ya tsare ki a ƙasa, Ya tsare ki a sama, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kuma kare ki daga masu yawan murmushi a bayan kanta. Na ce wa mahaifiyarki ta sa wannan takarda a ƙasan akwatinki don kada ki buɗe ta sai kin sauka gidan Gwaggonki. Idan kin riga kin tono ta tun motar ba ta wuce Jakusko ba, to ke 'yata ce, ba zan yi mamaki ba.

Shekaranjiya kin kawo mini fom ɗin da kamfaninku ya aiko. Kin ce tunda aikinki na zagayen duba turakun waya ne, yau Fatakwal, gobe Abuja, jibi Kano, sun ce ki zaɓi kamfanin jirgi ɗaya cikin biyu da za a riƙa yanka miki tikiti a wajensa. Ɗaya yana ba da kujerar gaba, wadda mu 'yan boko muke ce wa fas-kilas, har da katin tara maki, wai idan maki ya taru sai ki hau kyauta. Ɗayan ba shi da kati, ba shi da wata kujerar gaba ta a zo a gani, sai dai yana tashi sau da yawa a rana. Kika ce, "Baba, kai da ka san jirgi, wanne zan cike?" Na ce ki zaɓi wanda direbansa ya yi sallar asuba a jam'i. Kika yi dariya, mahaifiyarki ta harare ni, aka tashi. Ban ba ki amsa ba ne don amsar tana da tsawo, kuma akwai wani yanki nata da ba zan iya faɗa ina kallon fuskarki ba, ke da kike ɗauke da sunan mahaifiyata.

Kafin in shiga, bari in kawar da maganar Baffanki Sale. Na san ya taso takanas daga Nguru ya ce miki 'ya mace ba ta yawo a sama kamar shirwa, kuma wai ni na ɓata ki da karatu. Gaskiya ya faɗa. Ni na ɓata ki, kuma da gangan na yi. Tun daga aji ɗaya nake ɓata ki har kika fito injiniya, da kuma za a mayar mini da ke jaririya, sai na sake daga farko. Ki gaishe shi da ladabi kowace sallah, ki kai masa turare mai kyau, amma kada ki nemi izininsa a kan abin da ni na riga na ba ki.

Kin san ni malamin tarihi ne a sakandare kafin albashi ya zama labarin da ake ba yara. Da na ajiye alli, sai 'yan kasuwar ƙaro na Gashua da Nguru suka ɗauke ni, ba don na san ƙaro ba, sai don na iya rubuta wasiƙa da Turanci kuma ba na gajiya da gardama. Ni suke turawa Legas in yi jayayya da masu saye a kan nauyi da tsabtar kaya. Su ne suka yanke cewa wakilinsu ba zai riƙa saukowa daga bayan jirgi kamar buhun gero ba, sai a saya mini kujerar gaba. Daga nan garin nan ya laƙaba mini Habu Fas-kilas. Na san har yanzu ana faɗa a majalisar bakin tasha. Su ci gaba. Mafi yawansu ba su taɓa hawa abin da ya fi a-kori-kura tsawo ba.

Ba zan kama sunan kamfanonin ba, don ɗaya ya mutu, ɗayan kuma ba ya bukatar yabona. Wanda nake hawa ina kiransa Mai Labule, saboda wani labule mai nauyi da suke ja tsakanin mu na gaba da sauran bayin Allah. Ɗayan kuma kowa Kiya-kiya yake ce masa, don ba lambar kujera, ba labule, da an buɗe ƙofa sai kowa ya ɗora jaka a ka ya sheƙa da gudu a kan kwalta zuwa matakala, wanda ya riga ya zauna.

Kuskurena na farko ya faru tun jirgi bai motsa ba, ranar da na fara hawa daga Kano. Na zauna a kujerata, na miƙe ƙafa, ina mamakin yadda ƙafa take samun wuri haka a duniya. Sai wani mutum mai safari da baƙin tabarau ya sunkuyo ya ce, "Malam, a taimaka a koma baya, Ranka-ya-daɗe zai zauna." Na ɗaga kai na ga wani ƙaton mutum cikin babbar riga yana tsaye yana kallon rufin jirgi, kamar ba da shi ake ba. Ummi, bai rufe baki ba na miƙe. Har "Allah ya ja zamani" na ce. Haka aka raine mu a Nguru, babba ya shigo ka tashi daga tabarma. Na je can baya kusa da bayi na zauna, da tikitin fas-kilas a aljihuna, ina jiyo ƙarar cokula ta bayan labule. Har yau ban san ko wane ne mutumin ba. Mai yiwuwa shi ma bai sani ba.

Da na dawo na ba Alhazan ƙaro labari, ɗaya daga cikinsu ya ce, "To, ashe mu muka biya wa baƙo." Wannan magana ta fi mari zafi. Bayan 'yan watanni aka sake zuwa mini da irin wannan a Legas, wani mai safarin daban, kamar a kanti ɗaya ake sayo su. Na ce masa, "Ka gaya wa maigidanka kujerar nan ta 'yan ƙaron Gashua ce, ni aronta aka ba ni. In yana so, ya je ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, hanyar ba ta da kyau amma ana zuwa." Ya tsaya yana kallona, na buɗe jarida. A wannan karon ban tashi ba.

Ke za a zo miki fiye da yadda aka zo mini. Yarinya ce ke, da mayafi, daga garin da sai an nemo shi a taswira. Ma'aikaciyar jirgi za ta durƙuso da murya mai taushi ta ce ko za ki taimaka. Ki yi mata murmushi, ki nuna mata lambar da ke kan katinki, ki ci gaba da abin da kike yi. Idan kin ga tsohuwa ko mara lafiya kika ba da kujerarki don kanki, wannan kyauta ce, Allah Ya ba ki lada. Amma kada ki tashi don wani ya fi ki faɗin riga. Kuma ki ci abincin. Ni tafiya biyu na yi ina cewa na ƙoshi, don ina tsoron a kawo mini takardar kuɗi a sararin sama inda ba wurin gudu.

Kuskure na biyu ya fi wannan zurfi, kuma gadonsa na yi. Kakanki daga Haɗeja ya zo Nguru saboda jirgin ƙasa. Gyaɗa da bandar kifi yake lodawa zuwa Kano. A can yana da fatoma ɗaya, wato mai masaukin da yake sauke ka, ya ajiye maka kayanka, ya nemo maka mai saye. Tun ina yaro har ya rasu bai taɓa canza shi ba. Ko wani ya yi masa tayin da ya fi, sai ya ce, "Ina da gida." Idan ya bar kaya a wajen mutumin nan, ko shekara ya yi zai tarar da su. Bayan rasuwarsa, ɗan fatoman ya hau jirgin ƙasa ya zo har ƙofar gidanmu da buhu biyu, ya ce na mahaifinku ne, ya bari a wajenmu. Babu takarda, babu shaida, mu ba mu ma san da su ba. Da wannan na girma. A wajenmu, wanda yake tsalle daga wannan masauki zuwa wancan mutumin banza ne, ba a ba shi 'ya.

To sai ga manajan Mai Labule na Kano. Da ya hango ni sai ya ɗaga hannu: "Malam Habu na Gashua! Ya ruwa a Bade? Ya Alhazai?" Ya kai ni ɗaki mai sanyi, a kawo shayi. Mutum ya riƙe sunanka da sunan garinka, me ya rage? Zuciyata ta ce ga fatoma. Har bandar kifin garin Dagona nake kai masa a kwali, yana karɓa da hannu biyu. Idan wani ya ce mini jirgin wani kamfani ya fi tashi a kan lokaci, sai in ji bakina ya ce, "Ina da gida," da muryar mahaifina.

Wata rana suka soke tashi daga Kano. Mutane suka taru a kanta suna buga tebur, kowa a ba shi kuɗinsa. Na koma gefe ina jin kunyarsu, ina cewa a raina dubi marasa tarbiyya. Manaja ya jawo ni ya ce, "Malam, kai namu ne. Ba sai mun tsaya ƙirge-ƙirge kamar baƙi ba." Ya miƙo mini bauca, takarda mai kauri da zanen ruwan gwal a gefe kamar katin ɗaurin aure. Ya ce kujerar gaba ce guda, duk ranar da na ga dama. Na karɓa har da godiya. Marasa tarbiyyar nan suka karɓi kuɗinsu suka tsallaka kantar Kiya-kiya, suka yi azahar a Legas. Ni na bi doguwar mota, na isa washegari da wuya a sanƙare. Alhazai suka ce in riƙe baucar, tawa ce, ladan wahala.

Ni ne fa mai karanta har takardar da ke cikin kwalin maganin tari. Na karanta yadda dauloli suka tashi suka faɗi, na koya wa 'ya'yan mutane cewa sarakuna da yawa sun rasa ƙasarsu ne a kan yarjejeniyar da ba su karanta ba. Amma ban juya bayan wannan takarda ba. Don me zan juya? Ba a duba bayan maganar fatoma. A bayan kuwa, da rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa, an ce ba a mayar da ita kuɗi, ba a ba wani, ba ta aiki sai a jirginsu, sai kuma idan akwai kujera, kuma ta mutu bayan shekara.

Saboda haka, idan aka soke miki tashi, ki ce a ba ki kuɗinki. Ki faɗa a hankali, ki faɗa sau uku, kada ki ji kunya. Wanda ya ce miki "ke tamu ce" a bayan kanta, ki tambaye shi sunan kakarki. Kamfani ba ya zuwa suna, ba ya zuwa ta'aziyya, ba shi da ɗan da zai hau jirgin ƙasa ya kawo miki buhu biyu.

Yanzu ga abin da ban iya faɗa miki a tsakar gida ba.

Kina aji biyar na firamare lokacin da Hajiya, mahaifiyata, ta rasu. Kin tuna na iso Nguru bayan an kai ta. Kin tuna kin taho da gudu kin kama hannuna kika ce, "Baba, jirgin ne ya lalace ko?" Na ce eh. Haka kowa ya sani a gidan nan, har mahaifiyarki. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, amma ba ita ce gaskiyar ba.

Ina Legas aka bugo waya masaukinmu daga shagon wani Alhaji a Nguru, don a lokacin ba wayar hannu. Saƙon gajere ne: jikin Hajiya ya yi tsanani, ka taho. Da gari ya waye na nufi filin jirgi tare da Alhaji Modu, ɗan kasuwar kifi maƙwabcinmu na Nguru, wanda kike ce wa Baba Modu. Shi ma gida zai koma. Kiya-kiya zai tashi ƙarfe takwas. Mai Labule ƙarfe goma. Modu ya nufi kantar Kiya-kiya, ni na zaro bauca.

Ya ce, "Malam Habu, ajiye wannan katin bikin ka zo mu tafi."

Na ce, "Modu, awa biyu ce kawai tsakani. Ni da nake da kujera a ajiye, in je in yi tseren buhu a kan kwalta?"

Ya ce, "Kujerar tana ina? Ni ban ga jirgin ba, sai labule nake gani a bakinka."

Na ce, "Yana hanya daga Fatakwal. Sun gaya mini."

Ya ce, "Wancan kuwa ga shi can a tsaye, ina ganinsa da idona, har hayaƙi yake yi. Malam, uwa ce fa."

Na ce, "Ka yi gaba, ka ce mata ina bayanka."

Ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ɗauki jakarsa ya wuce. Na tsaya a jikin gilashi ina kallonsa, dattijo mai tumbi yana gudu da jaka a ka, babbar riga tana kaɗawa. Ummi, dariya na yi masa. Kuma kuɗin tikitin Kiya-kiya yana aljihuna. Ina so ki san wannan, don kada ki nema mini uzuri. Ba rashi ba ne.

Ƙarfe goma aka ce sha biyu. Sha biyu aka ce biyu. Wajen ƙarfe ɗaya Kiya-kiya ya sake kiran masu zuwa Kano. Na miƙe, na ɗauki jakata, na yi taku kamar biyar. Sai manajan Mai Labule na Legas ya tare ni da kofin shayi a hannu ya ce, "Haba Malam, kai da kake namu? Yanzu da jirgi ya kusa sauka za ka bar mu?" Na ji kunya. Wallahi kunya na ji, irin wadda mahaifina zai ji idan aka gan shi yana fita da kayansa daga gidan fatoma. Na koma na zauna, na sha shayin. Da la'asar suka ce an soke, suka ja ƙyauren kanta, manaja ya ɓace. Lokacin babu sauran jirgin Kano a ranar.

Washegari na sayi tikitin Kiya-kiya, wanda na raina jiya. Na ɗora jaka a ka na yi gudu a kan kwalta, hulata ta faɗi ban tsaya ɗauka ba. Daga Kano na shiga motar Haɗeja, daga Haɗeja na samu ta Nguru. Da na shawo kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida. Da asuba ta cika, da hantsi aka kai ta.

Ranar sadakar uku Modu ya ja ni gefe. Ya ce shi da la'asar ɗin ranar da muka rabu ya iso, ko gidansa bai shiga ba ya wuce wajenta. Ya tarar da ita a farke, tana magana sarai, ta sa an juya mata shimfiɗa tana fuskantar ƙofa. Ta ce, "Modu, kai ne? Ina Habu?" Ya ce yana bayana, Hajiya. Ta ce, "Ba tare kuka taso ba?" Sai ya ce kujera ce ta ƙare a jirgin. Ta ce, "Ashe jirgin sama ba a tsayuwa? Mu a jirgin ƙasa ko a tsaye muke zuwa daga Kano."

Modu ya ce mini, "Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba." Ya cika alkawari har ya koma ga Allah. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙanta. Shi ne fatoman da nake da shi a filin jirgin nan, ban gane ba, na tsaya ina yi wa gudunsa dariya.

Baffanki Sale bai san wannan ba, amma yana zargi. Shekara da shekaru yana cewa girman kai ne, wai kujerar gaba ce ta hana ni ganin uwata, wai irinmu ba mu da abin yi a sama. Ban taɓa tanka masa ba. A nan zan tanka, ke kaɗai ki ji. Akwai son kujerar a ciki, ba zan ɓoye ba, ƙafa ta saba da miƙewa. Amma ba zan karɓi darasin da yake so in karɓa ba. Yana so in ce laifina shi ne na hau inda ba a ajiye ni ba, don ya samu abin da zai ɗaure ki da shi. Ba zan ce ba. Bayan rasuwarta na ci gaba da zama a gaba shekaru, a kowane jirgin da ya fara tashi, kuma ban sunkuyar da kai ba. Hajiya da kanta takan tara matan layi ta ce musu ɗanta a kusa da direba yake zama. Ba zama a gaba ne ya cuce ni ba. Amana na ɗauka, irin wadda gidanmu ya iya, mai kyau, mai tsada, na kai ta inda ba a san ta ba. Wannan laifina ne, ni kaɗai, kuma ba Sale ne zai yanke mini hukuncinsa ba.

Bayan arba'in na je ofishin Mai Labule na Kano da niyyar in jefa wa manaja baucar a fuska. Na shirya jawabi tun daga Haɗeja, da gabatarwa da kammalawa. Na tarar an yi masa canjin wurin aiki. Wani sabon akawu ya karɓi takardar, ya juya bayanta, abin da ni ban taɓa yi ba, ya ce, "Alhaji, ai wannan ta mutu sati biyu da suka wuce." Na ce, "Ba ita kaɗai ba." Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Ba a daɗe ba kamfanin ma ya bi ta. Bara na wuce ta wajen, tayil na daɓen ɗaki ake sayarwa a ofishin. Na shiga na tambayi farashi don kada tsayuwata ta zama ta banza.

To ga amsar fom ɗinki.

Idan dole sai kin cike ɗaya, kada ki tambaye su faɗin kujera. Ki tambaye su jirage nawa gare su masu tashi, ba masu hoto a kalanda ba. Mai Labule, daga baya na ji, jirgi ɗaya yake juyawa tsakanin garuruwa, idan ya yi tari a Fatakwal duk ƙasar ta kwanta. Ki tambaye su ƙarfe nawa jirginsu na farko yake sauka Kano. Mutumin Legas ko Abuja idan jirgi ya sauka ya iso gida. Ke idan ya sauka, tafiyarki ta fara ne. Wanda bai kai ki Kano kafin azahar ba, ya sa kin rasa motar gida, ko da a kan gadon sarki ya kwantar da ke a sama. Da damina kuma, idan ruwa ya cinye hanyar Haɗeja, ki san wanda yake zuwa Maiduguri, ki zagayo ta can. Mahaifiyarki tana so in ce miki ki bar jirgi gaba ɗaya saboda abubuwan da muke ji a rediyo. Na ce mata ta tuna ramukan hanyar Potiskum. Ki yi addu'a kafin ki hau kowanne, ki kuma saurari abin da ma'aikatansu suke faɗa a kansu idan sun ɗauka ba mai ji.

Idan wanda ya cika waɗannan shi ne mai kujerar gaba, ki karɓa, ki miƙe ƙafa, ki ci naman, ki tuna da ni. Katin makin ma ki karɓa, kyauta ce. Amma da ya isa tafiya ɗaya ki kashe shi, ki zo gida ki ci tuwo. Kada ki tara. Maki ba gero ba ne, ba ya zama a rumbu. An ƙirƙiro shi ne don ranar da ya kamata ki tsallaka ɗaya kantar, ki ji kamar kina barin wani abu naki a baya. Na san wannan jin. Taku biyar yake bari ka yi.

Sannan ki ware kuɗin tikiti ɗaya zuwa Kano, naki na kanki, ba na kamfani ba, ki sa inda hannunki zai kai a kowane lokaci. Kada ki taɓa shi don atamfa, kada ki ba wa kowa aro, ko ni ne na roƙa.

Kin san likita ya ce jinina yana hawa, ya hana ni gishiri da gardama. Gishirin na rage. Kada ki tsorata, ban shirya tafiya bana ba. Ina da littattafai uku da ban gama ba, kuma ba zan bar wa Sale majalisa shi kaɗai ya riƙa ba da tarihina yadda ya ga dama ba. Amma ranar tana nan, ko a kaina ko a kan mahaifiyarki, kuma yanzu wayar tana cikin jakarki, a kan turakun da ke kanki kike dubawa. Ba za ki ce saƙo bai iso ba.

Za ki ga wata takarda a naɗe a cikin wannan. Ita ce baucar. Ruwan gwal ɗin ya dushe, amma kujerar tana nan, ba wanda ya taɓa zama a kanta. Ki sa ta a jaka ɗaya da katin makinki. Ranar da aka kira ki, idan kin buɗe jakar, ita za ki fara gani. Kada ki tambayi sunan kamfani, kada ki tambayi lambar kujera, kada ki sha shayin kowa. Ki duba ta gilashi, wanda kika gani a tsaye da idonki, shi za ki hau. Ki tattare mayafinki ki yi gudu a kan kwalta, duk wanda zai yi dariya ya yi. Zan sa a juya mini shimfiɗa ta fuskanci ƙofa. Ko a tsaye ne, Ummi, ki zo.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce kada ki manta da yajin da ta sa miki a gefen akwati. Ki gaishe da Gwaggonki da mutanen gidanta. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare mutuncinki, Ya sa ki fi ƙarfin duk mai son tayar da ke daga inda kika cancanta. Allah Ya ɗaga ki lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya kuma dawo mini da ke a kan lokaci.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu, wanda 'yan bakin tasha suke ce wa Fas-kilas.